Ranar da Na Kori Mai Wuta

Shekarun baya, tun Malam maigidana yana da rai, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa, ni ce shugabar mata masu gumi a unguwarmu a nan Haɗeja. Ban yi makaranta ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. 'Yata ce take rubuta wannan ina faɗa mata, kuma na ce kada ta gyara mini magana, inda na yi wauta ta bar wautar yadda take. Ba na iya ambaton Malam idona a bushe har yau, don haka a hankali muke tafiya.

Mu goma sha takwas ne. Muna da wani kango mai faɗi da aka yi wa daɓen siminti, da manyan tukwane na jiƙo da na turare. Ga wanda bai san aikin ba, shanshera ake kawo mana, wato shinkafar da ba a cashe ba. Mu wanke ta, mu jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, da safe mu turara, mu baza a daɓe ta sha rana, sannan a kai inji. Idan aiki ya yi kyau sai ta fito doguwa, kowace ƙwaya da jikinta. Idan aka kuskure sai ta fito tsaki, duk a kakkarye, ba mai kallon ta a kasuwa.

Wani Alhaji ɗan kasuwa ne yake kawo mana shansherarsa daga fadama. Akwai 'yan ƙananan ayyuka na maƙwabta, amma da aikin Alhaji muke ci. Kusan rabinmu mazansu sun rasu, da wannan gumin suke riƙe da marayu.

Sun zaɓe ni ne don ina da murya kuma ba na tsoron maza. Idan na ɗaga murya a bakin kogi, na tsallake ma yana ji. Ni kuma a lokacin abin da na ɗauka shugabanci ke nan: ka shigo a yi tsit. Har kujerar roba na sa aka kawo mini, aka ajiye a gindin darbejiya. A nan nake zama ina ba da umarni, a nan nake cin abincin rana ni kaɗai, su kuma suna can a tabarma a inuwar bango.

A cikinmu akwai wata tsohuwa da kowa yake kira Yaya. Ita ta koya wa yawancinmu gumi, har da ni. Ƙarfinta ya ƙare, amma aikin da ya fi kowane nauyi yana hannunta. Idan shinkafa tana shan rana, Yaya ce take zagayawa ta ɗauki ƙwaya ta ɓare ta ciza. Idan ta ce "saura," saura. Idan ta ce "a kwashe," an kwashe. Kuma akwai al'adar da muka tarar: ba mai cizo bayan Yaya. Wadda ta ɗauki ƙwaya ta kai baki bayan Yaya ta yi magana, daidai take da wadda ta ce mata maƙaryaciya a gaban jama'a. Ni kaina, da duk bakina, ban taɓa yi ba.

A shekarar da nake ba ku labari, shinkafar rani ta shigo ana tsakiyar zafin bazara. Muka yi aikin farko aka kai inji, ta fito tsaki. Na yafa mayafi na je na sauke wa mai inji kwandon masifa. Ya bari na gama tas, sannan ya ce, "Hajiya, injina bai san daga gidan da shinkafa ta fito ba. Ga ta wasu can, duba ki gani." Na duba, tasu lafiya lau. Na dawo ban ce masa ko sannu ba.

Aiki na biyu ma haka. Alhaji ya zo da kansa, ya zura hannu a buhu ya ɗebo, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Hajiya, wannan shinkafa ce ko abincin kaji?"

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, za mu gyara."

Ya ce, "Haƙurin ne ya kawo ni, da aike zan yi. Ranar Asabar zan turo muku wata. Idan ta fito haka, mun rabu lafiya. Matan garin Malam Madori sun daɗe suna aiko mini, ni ne nake jin nauyinku."

Yana fita na tara su. Na tsaya a tsakiyar daɓe ina tambaya da ƙarfi, wace ce take son ta raba mu da abincinmu? Kowa ta sunkuyar da kai. Da na ga ba mai magana, sai na zaɓi mai laifi da kaina. Akwai wata Bafillatana mai 'ya'ya huɗu, ita ce take kula da wutar turare, shi ya sa muke ce mata mai wuta. Ita ce ta ƙarshen shigowa cikinmu, kuma ba ta da dangi a wurin. Na san idan turare bai kai ba shinkafa tana karyewa, sai na ce shi ke nan, na kama.

Na ce, "Ke ce. Kina tsimin itace kamar daga gidanku ake kawowa."

Ta ce, "Inna, wallahi wutata ba ta canza ba."

Na ce, "To me ya canza? Ni ce na canza?"

Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta rufe. Na ce ta ɗauki mayafinta. Ta ɗauka, ta wanke hannu a bakin randa, ta fita ba ta waiwaya ba. Yaya tana zaune tana murza gefen zaninta, idonta a ƙasa. Na ɗauka baƙin cikin aikin ne.

Bayan la'asar na koma gida na tarar da Malam a tsakar gida yana gyaran taru. Shi masunci ne, yana da mutanensa da suke shiga ruwa tare. Yana ganin fuskata ya ce, "Ranki ya daɗe, yau wa aka yanka?"

Na kwashe labari na faɗa masa, ina jiran ya ce na yi daidai. Bai ɗago daga tarun ba ya ce, "Su sauran me suka ce?"

Na ce, "Ba su ce komai ba."

Ya ce, "Mata goma sha shida, ba wadda ta ce komai? Ke kaɗai ce a gidan nan, amma ban taɓa jin shiru ba."

Na harare shi. Ya ce, "Wai a ina kike cin abincin rana?"

Na ce, "A kujerata mana. Me ya haɗa abincina da tsaki?"

Ya ce, "Gobe ki bar kujerar nan. Ki zauna a tabarmarsu ki sa hannu a kwanonsu. Kada ki tambayi kowa komai, ki yi kallo kawai. Ni idan ruwa ya fara shiga jirgi, wanda ya fara gani shi yake faɗa, ko da shi ya jawo, don ya san ba marin sa zan yi ba. Ke kuwa kin sa sun fi tsoron ki a kan tsaki."

Na ce, "Kifi ka sani, Malam. Ba ka san mata ba."

Ya ce, "Haka ne, ɗaya ma ta gagare ni."

Duk da haka washegari na yi abin da ya ce, don ba ni da wata dabara. Ranar Alhamis ce, muna shanya wata 'yar shanshera ta maƙwabta. Da aka sauke abinci na je na zauna a tabarma. Hira ta mutu nan take, aka ci abinci kamar a gidan rasuwa. Da aka gama, wata ta fito da goro ta ɓare ta rarraba. Sai na ga Yaya ta ɗan juya baya, ta kwance ƙullin zaninta, ta fito da magogi, tana goga goron a tafin hannu.

Yayar da na sani, idan ta gartsa goro ana ji daga bakin ƙofa. Na dubi sauran matan. Wannan tana kallon sama, wannan tana gyaran ɗankwali, wannan ta ga wani abu a ƙafarta. Ba wadda ta kalli Yaya, kuma wannan rashin kallon nasu ne ya gaya mini duk sun sani.

Da ta tashi zagaye na bi ta da ido. Ta ɗauki ƙwaya ta sa a haƙoran gaba, ta daɗe tana dannawa, ta tofar a hannu a ɓoye, ta ce, "Saura." Na yi kamar ina gyaran bakin shanya, na dunƙule 'yar kaɗan a gefen zani, na zagaya bayan bango kamar ɓarauniya. Ban taɓa cizo bayan Yaya ba sai ran nan. Ƙaras! Shinkafa ta yi, ta isa kwashewa. Amma sai da ta ƙara shan wannan rana har la'asar kafin Yaya ta ce a kwashe. Na ɗebi ta la'asar ɗin ma na ƙulle daban.

Ba zan ɓoye muku ba, ƙafata ta kai ni rabin daɓe zan yi abin da na saba. Ba hankali ne ya tsayar da ni ba, kunyar Yaya ce. Wannan matar ita ta riƙe hannuna ta nuna mini yadda ake baza shinkafa ina amarya. Na haɗiye maganar na koma gida da ita.

Ranar Juma'a da hantsi na sayi goro na tafi gidanta. Muka gaisa, na ajiye goron a gabanta, na ce, "Yaya, ki ɗauko magogin, ba kowa sai ni."

Ta dube ni. Sai hawaye.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun kafin azumi. Haƙoran dama guda biyu aka cire a asibiti, na hagu suka bi su da kansu. Da na gaba nake gwadawa, su kuwa ba sa fasa ta sai rana ta riga ta tsattsaga ta."

Na ce, "Haba Yaya, me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "In faɗa wa wa, 'yar nan? Ke? Ba na iya ɗaukar buhu, ba na iya tsayuwa a bakin wuta. Cizon nan shi kaɗai ya rage mini da ake kira na a tambaye ni. Ranar da na ce ba haƙora, ranar za ki ce in ɗauki mayafina. Ga shi kin ce wa baiwar Allah ta ɗauka a madadina, ina zaune ina kallo. Tun ran nan abinci ba ya wuce mini."

Na kwance ƙullin nan biyu da na zo da su don in nuna mata shaida, ga shi kuma ba a bukatar shaidar. Don dai in ba bakina aiki, na ɗauki ƙwaya ɗaya na ciza. Yaya tana share ido, ko kallo na ba ta yi, ta ce, "Wannan ta yi." Na ɗauko daga ɗaya ƙullin na ciza. Ta ce, "Wannan ta wuce, rana ta cinye ta."

Na ce, "Ya aka yi kika sani?"

Ta ce, "Ba ki ji ba? Ta farko ƙara ɗaya ta yi. Ta biyun rugurgujewa ta yi."

Na sa ta juya baya, na riƙa cakuɗa mata su, sau bakwai ko takwas. Ko ɗaya ba ta kuskure ba. Ashe duk shekarun nan kunne ne yake aikin, haƙori ɗan aike ne kawai. Ita kanta ba ta sani ba sai ran nan.

Daga can ban koma gida ba, na hau adaidaita zuwa bakin gari inda mai wuta take. Na same ta tana wanki. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta koma kan wankinta. Na ce na zo ba ta haƙuri, na gano ba laifinta ba ne.

Ta ce, "Inna, a gaban mutum goma sha shida kika kore ni."

Na ce, "A gabansu zan ba ki haƙuri. Amma gaya mini, kin san zancen Yaya?"

Ta ce, "Kowa ya sani."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa ki ceci kanki?"

Ta matse rigar da ke hannunta, ta shanya, sannan ta ce, "In tona asirin tsohuwa don in ci abinci? Kuma ke, Inna, tambayarki ba ta jiran amsa."

Maganar nan ta shige ni. Na zauna a tabarmar mutane ina kallon ƙasa, ni da ake jin muryata a tsallake.

Ranar Asabar shansherar Alhaji ta iso, muka jiƙa. Lahadi da safe mai wuta ta zo, kafin a hura wuta na tsaya a daidai inda na tsaya ranar da na yi korar. Na ce, "Na zalunci mai wuta a gabanku, ina roƙon ta gafara a gabanku." Ta ce ta yafe, a taƙaice. Sannan na ce, "Daga yau cizo aikin mutum biyu ne. Mai wuta za ta ciza a kusa da kunnen Yaya, Yaya ce mai cewa a kwashe, kamar kullum." Ban faɗi dalili ba, ba kuma wadda ta tambaya.

Sai wata mai barkwanci a cikinmu ta ce, "To Allah ya sa mai wuta ta yi asuwaki, kada ta sumar mana da tsohuwa." Wuri ya ɓarke da dariya. Yaya ta cire takalmi ta jefe ta, tana cewa, "Ja'ira, zo nan in ja kunnenki!" Rabon da in ji dariya a kangon nan ina tsaye a ciki, na manta.

Aka turara, aka baza. Su biyu suka riƙa zagayawa, tsohuwa ta dafa kafaɗar mai wuta, kai a jingine da kai. "Saura." Can an jima, "Saura." Ko kiran azahar ba a yi ba sai na ji Yaya ta ce, "Ƙara ɗaya." Mai wuta ta ƙara. Yaya ta ce, "A kwashe, a kai inuwa ta huce."

A watannin nan mun saba kaiwa la'asar, sai na ga kamar an yi wuri da yawa. Idan da sauran danshi, inji zai dame ta, kuma wannan ce dama ta ƙarshe. Bakina ya yi ƙaiƙayi in ce a ƙara ko rabin awa. Matan duk sun tsaya da tsintsiya a hannu suna kallo na. Na ce, "Ba ku ji Yaya ba?" Na ɗauki tsintsiya na fara tarawa.

Ranar Talata aka kai inji. Alhaji yana tsaye, ni ma ina tsaye. Mai inji ya tayar, ɓuntu ya tashi, shinkafa ta fara zubowa. Alhaji ya tara hannu ya ɗebo, ya bar ta tana zuba ta tsakanin yatsunsa. Doguwa, cikakkiya, sai ka tona kafin ka ga karyayya.

Ya ce, "Me kuka canza?"

Kafin in buɗe baki mai inji ya ce, "Ni dai abin da na gani, yau ba a zagi injina ba."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Asabar mai zuwa ku wanke tukwane da wuri."

Haka aikin ya zauna a hannunmu, yana nan kuma har yau a hannun waɗanda suka gaje mu. Yaya ta ƙara shekara huɗu tana cewa a kwashe kafin Allah ya karɓi abinsa. Mai wuta kuwa ta dawo aiki, amma kusan shekara guda gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ban yi fushi ba, ni na saya da bakina. Daga baya muka shaƙu, har ita ce matan suka zaɓa da na gaji na sauka.

Abin da na fahimta, kuma ina faɗa da tabbaci don na gani da idona, shi ne mutane ba sa ɓoye wa shugaba gaskiya don mugunta. Matan nan ba wadda ba ta son aikin, abincin 'ya'yansu ne. Amma kowace ta auna a ranta, ta ga gara a yi asarar shinkafa da a wulaƙanta tsohuwa, don sun san abin da zan yi idan na ji. Wata biyu maganar tana yawo a tabarma, taku goma daga inda nake zaune, ba ta iso ni ba. Idan kana riƙe da mutane, a kasuwa ne ko a ofis ko a gona, ka ga an yi ɓarna kowa ya yi shiru, kada ka ce ba su sani ba. Ka tambayi kanka me suke tsoron za ka yi wa wanda suke rufa wa asiri.

Saura abu ɗaya, shi ne mai ciwon. Ranar Talatar nan da na koma gida, Malam ya ce, "Ranki ya daɗe, ya aka ƙare?" Na ɗaga kai na ce, "Ai na gano matsalar da kaina." Ya yi murmushi ya ce, "Sannu da ƙoƙari." Bai ƙara komai ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Kullum ina cewa a raina zan gaya masa shawararsa ce ta cece mu, sai in ga ai yana nan, ba sauri. Bayan damina biyu zazzaɓi ya kama shi, kwana uku kacal ya rasu.

Na iya zuwa har bakin gari na ba 'yar mutane haƙuri, na iya tsayawa a gaban mata na ce na yi zalunci. Amma mutumin da muka yi shekara arba'in da ɗaya a ɗaki ɗaya, kalma uku ce kawai, "Ka yi gaskiya," na ce sai gobe. Allah ya jiƙan Malam. Ya san kifi, kuma ya san mata.